Yadda za ka riƙe lambar akawun a kanka kafin ka danna ta

Wani yana karanto maka lambar akawun ta waya, lamba 10 cif, ba biro ba takarda, kafin ka buɗe manhajar banki rabi ya gudu. Ba ƙwaƙwalwarka ba ce ta samu matsala, haka kowa yake. Tun 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya ce abin da mutum ke iya riƙewa a lokaci ɗaya bai wuce bakwai ba, ko a ƙara biyu ko a rage biyu, daga baya ma a 2001 wani masanin, Nelson Cowan, ya ce wajen dunƙule huɗu ne kawai, wato abubuwan da aka haɗa rukuni-rukuni.

To fara da yanka lambar gida uku: lamba uku, sai uku, sai huɗu.

Sai babbar dabarar, kar ka tsaya kan maimaitawa a baki kawai, hasko madannan waya a zuciyarka, wato 1 2 3 a sama, 0 can ƙasa ita kaɗai, kana jin lamba kana ɗora yatsa a gidanta, ko a tafin hannunka ne ko kan cinyarka. 147 gangarowa ce ta hagu, 369 ta dama, 159 ta yanko a karkace, 713 kuwa ka tashi daga ƙasa ka haura sannan ka yi dama kamar an sha kwana. Ka ga yanzu hanya ka riƙe, baki na riƙe da sauti, ido da yatsa na riƙe da fasali, in ɗaya ya suɓuce ɗayan ya tallafo shi.

Ba ƙirƙirata ba ce fa. A 2010 masu bincike Stephen Darling da Jelena Havelka sun gwada a Birtaniya, lambobin da aka nuna a tsarin madannan waya an fi tuna su a kan waɗanda aka jera layi ɗaya. Sirrin shi ne sabo, in aka hargitsa madannan amfanin ya tafi. Shi ya sa kar ka haɗa da kalkuleta, ita 7 8 9 ne a samanta, rikita ka za ta yi.

Kuma kana riƙe da lamba kar ka amsa gaisuwar kowa, daƙiƙa ashirin ma ta isa ta goge, ka ba shi haƙuri daga baya.

Amma don Allah kar daɗin dabarar ya ja ka ka sa 2580 a matsayin lambar sirrin katinka, layin tsakiya ne sak, ɓarayi ma sun san shi.