Kurakuran da ake yawan yi wajen shimfiɗa hanyar tseren dingi

Duk wanda ya taɓa zama a jirgin alƙalai ranar tseren dingi, wato ƙananan jiragen nan masu filafilai da iska ce kaɗai ke tura su, ya san rabin rigimar da ake yi bayan an fito daga ruwa ba laifin matuƙa ba ne, laifin wanda ya jefa alamomi ne, wato abubuwan da ke yawo a saman ruwa da jirage ke zagayawa. Na ɗan jima ina taya wannan aiki a wani kulob a Legas, kuma wallahi kurakuran kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa.

Babban cikinsu shi ne mutum ya ajiye alama inda aka saba ajiyewa ba inda iskar yau ta ce ba. Dingi ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, iyakarsa wajen digiri 45 daga inda take busowa, shi ya sa zangon farko ake so ya zama hawa cikin iska, jirage su yi ta kai gwauro da mari, dama da hagu, a nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. To in ka kauce da alamar sama, wato wadda ke can ta inda iska ke busowa, gefe guda sai ka ga kowa ya ɗauki ɓangare ɗaya ya miƙe, an jeru kamar awaki a hanyar rafi, wanda ya riga tashi shi zai riga isa, babu wata dabara. A Legas yawancin shekara iska daga kudu maso yamma take zuwa, amma da hunturu sai ta koma arewa maso gabas ko ta yi ta wasa da safe kafin ta teku ta kankama da rana. Gyaran ba wuya: ka kafa anka, ka ɗaura zare a tsinke, ka riƙe kamfas kana rubuta inda iska take duk bayan minti biyu ko uku har na tsawon minti 15 ko 20, sannan ka ɗauki tsaka-tsaki. Kar bugu ɗaya na iska ya ruɗe ka.

Sai layin tashi, kuma a nan na fi ganin ɓarna. Layin ya kamata ya gicciye iska daidai, digiri 90. Mutane suna raina 'yar karkata amma ka lissafa, layi mai mita 100 in ya karkace da digiri 10 kacal, wanda ke bakin da ya fi kusa da iska ya samu wajen mita 17 kyauta, ga jirgin ILCA, wani nau'in dingi na mutum ɗaya, da tsawonsa bai wuce mita 4 da 'yan kai ba wannan tsawon jirgi huɗu ke nan tun ba a busa ba. Na taɓa gani da idona, jirage goma sha biyu duk sun cunkushe a gindin jirgin alƙalai suna ihu suna gogar juna, ɗaya bakin kuwa ko kowa babu, wani yaro ɗan shekara sha uku an matse shi har ya bugi igiyar ankarmu ya tsaya cak yana kallon sauran sun tafi, abin ya tsaya min a rai. Da ka ga kowa ya taru a baki ɗaya to layinka ne ke maka magana. Ka ɗaga tutar AP ta ɗage tashi, ka matsar da alamar, ko ka saki igiyar ankarka kaɗan jirgi ya ja baya. Tsawon layi kuma ka haɗa tsawon duka jiragen ka ƙara rubu'i ko rabi a kai, in da iska mai ƙarfi ka ƙara sakewa.

Agogo kar a yi masa shisshigi. Doka ta 26 a littafin World Sailing, hukumar wannan wasa ta duniya, ta tsara shi: saura minti 5 a ɗaga tutar aji, wato ta rukunin jiragen da za su tashi, saura minti 4 tutar shiri, saura minti 1 a sauke ta, sannan tashi. Tuta ce hukunci ba ƙarar usur ba.

Igiyar alama ma ana yi mata sakaci. In ta yi gajarta, da ruwa ya ciko sai ta ɗaga anka alama ta kama tafiya, in ta yi tsawo da yawa kuma sai ta kwanta a saman ruwa ta sarƙe allon ƙarƙashin jirgi, a ce mutum ya taɓa alama ya yi juyi ɗaya na hukunci alhali igiyarka ce ta jawo masa. Ka auna zurfi tukun, ka bar rarar da za ta ishi cikowar ruwa, sannan ka ɗaura ɗan nauyi kamar mita biyu ƙasa da alamar don igiya ta nutse a tsaye. In alama ta ɓace akwai tutar M, jirgin da ya ɗaga ta shi ne madadinta.

Wani abu da sabbi ba sa lura da shi shi ne gudun ruwa. Kai kana kan anka a tsaye, su kuwa ruwa yana jansu gefe, don haka iskar da kake aunawa ba ita suke ji ba. Ka jefa lemo ɗaya kusa da alama ka ga inda ya nufa cikin minti ɗaya, in ruwan yana gicciye hanya sai ka ɗan matsar da alamar sama wajen da yake gangarawa. Kuma don Allah kar a kai alama bakin hanyar manyan jiragen da ke shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, ko ƙarƙashin dogon gini inda iska ke mutuwa.

Zagaye alama a bar ta ta hagu, shi ne ya fi lafiya musamman a sama, saboda masu zuwa da iska ta damansu su ke da hanya, sai su juya salin alin. Kar ka haɗa hagu da dama barkatai a allon da ke nuna wa matuƙa hanya, kuma kar ka sa masu hawa da masu saukowa su yi karo a alama ɗaya, 'yar ƙaramar alama ta biyu gefen ta sama tana raba su. In za ka yi ƙofa a ƙasa, wato alamomi biyu da jirage ke bi ta tsakaninsu, ka tuna kowace alama tana da da'irar tsawon jirgi uku a doka ta 18, to ka bar tsawon jirgi bakwai ko takwas tsakani don kar da'irorin su hau juna.

Tsawon hanya da lokaci ake auna shi ba da ido ba. Minti 40 zuwa 45 ga na gaba ya wadatar a tseren kulob, yaran da ke tuƙa ƙaramin dingin Optimist kuwa a rage musu hanya. Gara gajeren zagaye a maimaita sau uku da dogo guda ɗaya, don in iska ta faɗi kana iya ɗaga tutar S da busa biyu ka ƙare a alama ta gaba, in kuma juyawa ta yi sai a matsar da alamar sama a ɗaga tutar C a alamar da zangon zai fara, kafin na gaba ya iso wurin.