Daren uku ga Sallah a tsakar gida

Ni dai Babbar Sallah ba na kiran kowa gidana ranar idi ko washegari. Ranar farko aikin nama ya isa mutum, ta biyu kuma duk an tafi kallon Hawan Daushe. Rana ta uku, bayan an sauko daga Hawan Nasarawa, kowa ya gaji da rana da ƙura, ita nake zaɓa. Iyali biyu nake gayyata, da mu uku. In suka wuce haka ya zama biki, ba hira ba.

Abu na farko, kada ki ɗora tukunyar nama. Wanda ya kwana uku yana cin soye ba ya marmarinsa. Ni wainar shinkafa nake yi da miyar taushe, in jiƙa shinkafar tun dare, a kai markaɗe da safe, ƙullun ya tashi kafin azahar. Kabewa da alayyafo daga kasuwar Yankaba nake sa a sayo mini tun kafin Sallah, don ranar ba kowa a kasuwa. Sai gurasa a yi bandashe da ƙuli-ƙuli, yara sun fi son sa ma. Ki tabbata kin sauke komai kafin la'asar. Wata shekara na ce sai na burge, na tsaya suyar kaji har aka kira isha'i, ƙawayena suka yi hirarsu suka tafi ban zauna ba.

Ki ce musu su zo bayan la'asar, kuma a taho wa yara da kayan canji. Wannan da dalili. Na taɓa miƙa wa ɗan ƙawata kofin zoɓo yana sanye da farar shadda sabuwa fil, ko minti biyu ba a yi ba ya kife shi a ƙirji. Uwar tana cewa "ba komai, Yaya", amma fuskarta ta gaya mini akwai komai. Tun daga nan kunun aya nake ba yara, zoɓo na manya ne.

Maza su yi shimfiɗarsu a soro ko ƙofar gida da shayinsu, mu mata a tsakar gida. Tabarmar yara ki sa ta inda idonki zai kai, nesa da rijiya da murhu. Fitila mai caji ta cika tun da rana, don wutar Nepa ba ta san Sallah ba. Inji kuwa ba na bari a tayar, ƙararsa ce ke kashe hira. A kunna maganin sauro kafin magariba.

Waya ita ce rigimar. Da ka ba yaro ɗaya, sauran bakwai sun yi masa rumfa, sai kuka. Gara bayan an ci abinci wata ta zauna tsakiyarsu ta ce "ga ta nan ga ta nanku". Yaran da ake cewa sun fi ƙarfin Gizo da Ƙoƙi za ki ji sun amsa "ta zo mu ji ta" har da gyara zama. In tatsuniya ta ƙare a shiga kacici-kacici: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, Baba na ɗaka gemu na waje. Wanda ya ce tsintsiya ko hayaƙi a ba shi cincin. Daga nan ƙananan ke bingirewa, mu kuma mu samu sararin hirarmu.

Goron Sallah ki ajiye sai za a tafi, kuma kowane yaro daidai da ɗan'uwansa, don suna lissafi. Tun 2022 da aka hana adaidaita sahu aiki a Kano bayan ƙarfe 10 na dare na saba sallamar baƙi da wuri. Tara da rabi ake saɓa masu barci a kafaɗa, ni kuma ina bin su da ledar waina ina cigiyar takalmi wari ɗaya.