Shawara ga masoya shirin talabijin na Doctor Who a Abuja

Jama'a, idan taron Comic-Con (bikin masoya fina-finai da littattafan zane) na birnin San Diego a Amurka ya zo a watan Yuli, ku daina raba dare kuna ƙona data wajen jiran sabon labarin shirin.

Agogonmu yana gaban nasu da awa 8, saboda haka zaman tattaunawa kan shirin na ƙarfe 4 na yamma a can tsakar dare ne a nan, kuma galibi ba a haska shi kai tsaye.

Ku bari sai bayan sallar asuba, ku buɗe tashar shirin ta YouTube, inda akan saka sabon talla. Ni a 360p (ƙaramin ingancin bidiyo) nake kallo, kuma ya ishi waya.

Dabarar takan lalace idan kuka fara leƙa Facebook, domin kafin ku kalla an riga an fesa muku labarin. Sannan akwai abin da mahalarta zauren taron kaɗai ake nuna wa.