Sabon zuwa Ingila: ka kula da cikinka tun hunturun farko

Mutum zai sauka Ingila a watan Satumba, kafin bazara wandon da ya zo da shi ya ƙi shiga. 'Yan gida su ga hoto su ce hutu ya karɓe shi. Ba hutu ba ne, malam. A gida kana taka ƙasa kana zufa, a nan kuwa daga bas sai ɗaki, ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma a Disamba.

Samun abincinmu ba wuya. Mutanenmu sun yi ƙoƙari: kuka, daddawa da manja duk akwai a shagunan 'yan Afirka, garin gero da na dawa a shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan, daskararren alayyafo kuma a manyan kantuna irin su Aldi ko Tesco da araha.

Inda ake faɗuwa shi ne aikin dare. Mai aiki a gidan kula da tsofaffi ko rumbun kaya yakan fita da cikinsa wayam, ƙarfe biyu na dare barci ya taso, sai ya nufi injin sayar da lemo. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya na mililita 330 yana da sukari giram 35, alhali hukumar lafiya ta NHS ta ce kada babba ya wuce giram 30 a yini. Ga shayi kofi uku, kowanne da ƙaramin cokali uku, wani giram 36 ke nan. Da safe a biya shagon kaza da soyayyen dankali, tunda an ga tambarin halal, a ci a kwanta. Halal ne, amma man da ke ciki bai ragu ba. Abin yi: ka dafa sau biyu a mako ka raba a robobi, ka ci babban abincinka kafin ka fita, ka tafi da dafaffen ƙwai biyu, ayaba, gyaɗa cikin tafin hannu da gorar ruwa. In ka dawo, ɗan koko ko kunu mara sukari ya isa. Kayan da ka saya kuma ka juya bayansu ka duba lissafin giram 100: sukari ya haura 22.5, kitse 17.5, ko gishiri 1.5, alamar ja ce, ka ajiye.

A tukunya ma a daina zuba mai da ludayi. Babban cokali ɗaya kusan kalori 120 ne, manja ko man zaitun duk ɗaya. Tuwo malmala guda kamar dunƙulen hannunka, rabin faranti ganye. Gishiri giram 6 ne iyaka a yini, don haka in an sa dunƙule a rage gishiri.

Ka yi rajista da likitan unguwa tun makon farko, kyauta ne. Ga baƙar fata, ma'aunin BMI (nauyin jiki gwargwadon tsawo) na 23 an fara ƙiba, 27.5 ta yi yawa, domin ciwon suga ya fi saurin kama mu. Mafi sauƙi, ka auna ƙugunka: kada ya kai rabin tsawonka. In za a yi maka gwajin suga na HbA1c, ka faɗa musu idan kana da jinin AS, wato kana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, saboda yakan shafi sakamakon wasu na'urori. Bitamin D kuma maikurogiram 10 kullum, mu har da bazara, hasken ranar Ingila ba ya wadatar da fatarmu.

Kada ka yi gaggawar sa hannu a kwangilar gidan motsa jiki ta shekara guda, za a riƙa cire kuɗin ko ba ka je ba. Minti 150 na tafiya da sauri a mako ake so, parkrun kuma, wato taron gudu ko tafiya a wuraren shaƙatawa, kilomita 5 ce kyauta kowace Asabar ƙarfe tara na safe. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne ragi mai ɗorewa. Shayin rage tumbin da ake tallatawa a WhatsApp galibi gudawa yake sawa, ruwan jikinka ne ke fita.