Yadda za ka fita kallon kifin wel a tekun Ayislan ko Norwe

Toh, ga masu tambaya kan tafiyar nan ta zuwa ganin kifin wel, ƙaton nan da yake numfashi da iska kuma yake shayar da ɗansa nono, abu na farko ka zaɓi wata, domin shi ne zai gaya maka ƙasar da za ka nufa. In daga Yuni zuwa Agusta ne ka tafi Ayislan, akwai wani ɗan gari Husabik a arewacin ƙasar, nan ne aka fi sani da harkar, kuma daga Rekiyabik babban birnin ma jirage na tashi. In kuma Nuwamba zuwa Janairu ne sai arewacin Norwe, wajen Turomso, lokacin ne kifayen ke biyo garken ƙananan kifi har kusa da gaɓa, amma fa ka sani a watan Disamba rana ba ta fitowa a can sam, ɗan haske ne na 'yan awoyi. Ni dai ga mutumin Kano na fi ba da shawarar Yuni ko Yuli.

Ƙasashen biyu duk bizar Shengen ce, wato bizar haɗaka ta ƙasashen Turai da dama, ka nema da wuri. Kuɗi kuma kar ka wahalar da kanka a Wapa kana neman kurona, kuɗin ƙasashen, can kusan komai da kati ake biya.

Yanzu maganar sanyi, wadda ita ce gaba ɗayan maganar. Malam, ko a Yuli ne iskar tsakiyar teku ba irin hunturunmu ba ce da za ka ɗaura rawani ka kurɓi shayi ta wuce, wannan shiga ƙashi take. Ka leƙa 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai kafin ka tafi, ka samo suwaita mai kauri, hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa ta ulu, ka jera kaya kala uku a jiki, babbar riga da silifas a bar su a otal. Hajiya ma ta sa dogon wando mai kauri a ƙarƙashin abaya, hijabi ƙarami wanda iska ba za ta yi ta fizga ba. Yawancin kamfanoni suna ba da wata rigar kariya mai haɗe da wando, ka karɓa ka ɗora a sama, ba wanda ke kallon kwalliyarka.

Jirgi iri biyu ne, babba mai ɗaki da banɗaki da kuma ƙaramin roba mai gudu. Wanda iyakar ruwansa Tiga ya hau babban kawai. Ka sha maganin hana jiri kamar awa ɗaya kafin tashi, kar ka cika ciki da maiƙo, in zuciya ta fara tashi ka fito waje ka zuba ido can nesa, kar ka duƙufa kan waya.

A Ayislan fitar kamar awa 3 ce. Abin da za ka fara gani feshin numfashi ne ya yi sama, sai baƙin baya, sai wutsiya ta ɗago in zai nutse, irin wel ɗin da ake kira mai doro yana kai mita 15 a tsawo. Wayarka ka ɗaure ta da igiya a hannu, sanyi kuma na shanye batir da sauri.

Ka yi alwala da sallarka tun a otal, a Yuni dare kusan babu shi, don haka ka tambayi malaminka hukuncin magariba da isha tun kana gida. Kuma kafin ka biya ka tambaya ko suna ba da tikitin komawa kyauta in ba a ga komai ba, da yawa suna bayarwa, shi ya sa za ka sa fitar a ranakun farko na tafiyarka.