Kurakuran da aka fi yi wajen sayen laftof ta tace bidiyo

Na gaji da amsa tambaya ɗaya. Mutum zai turo min hoton laftof, ya rubuta a ƙasa: "Core i7 ce, za ta iya editin?" Sau tari ma ya riga ya biya kuɗi, yabo yake nema. To bari in faɗa sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa wannan.

Babban kuskuren, wanda ni ma ya ci kuɗina, shi ne sayen sitika. Rubutun "i7", wato sunan ajin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ta kamfanin Intel, ba ya gaya maka komai sai ka karanta lambar da ke bayansa. Laftof ta farko da na saya don wannan aiki i7-7500U ce. Na rungumo ta ina jin na yi sayayya. Ashe furosesar ta 2016 ce, kuma hannaye biyu kacal gare ta, abin da ake kira cores. Ita kuwa i5-8250U da ta fito bayan shekara guda, hannaye huɗu gare ta, wato i5 ɗin da na raina ta fi tawa aiki. Bidiyon minti goma, in danna fitarwa, in tashi in yi wasu hidimomi, in dawo in tarar fanka na huci, aiki bai kai rabi ba. Wata takwas ina cikin wannan azaba, kuma ba ni da wanda zan zarga sai idona da ya tsaya a sitika.

Ga yadda nake karantawa yanzu. A wajen Intel masu i5 ko i7, lambar farko ko biyun farko su ne zamani: 7500 zamani na bakwai, 12450 na goma sha biyu. Harafin ƙarshe shi ne hali. U an yi ta don tsimin batir, H don aiki mai nauyi. Ni dai in don editin ne, H nake nema, irin Ryzen 5 5600H ta kamfanin AMD mai hannaye shida ko i5-12450H mai takwas. Duk abin da ke ƙasa da zamani na takwas ba na ko kallonsa, don Windows 11 daga nan ta fara karɓa, Windows 10 kuwa an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025.

Sai RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Adobe da kansu sun ce 16GB don bidiyon HD a manhajarsu ta tace bidiyo Premiere Pro, 32GB don 4K. Amma sai ka ji mutum ya ce zai fara da 8GB, "daga baya in ƙara". Ka tambaya ko ana ƙarawa? Siraran laftof da yawa an manne RAM ɗinsu a jikin madabod, wato babban faifan cikin kwamfuta, babu ramin ƙari. MacBook mai M1, wadda ta fito a 2020, tana tace bidiyo da kyau ƙwarai, amma yadda ka saye ta haka za ku rabu.

Yanzu abin da ya fi ba ni haushi: allo. Haba jama'a! Aikinka launi ne, idonka a kan allo yake tun safe, amma shi ne abu na ƙarshe da kake dubawa, in ma ka duba. Laftof masu sauƙin kuɗi, musamman na masu wasan gem, da yawa allonsu 45% NTSC ne, wanda bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na launukan sRGB ba (NTSC da sRGB ma'aunan yawan launin allo ne). Za a rubuta maka 144Hz da manyan baƙaƙe, kai kuma ka ruɗe. Wannan saurin motsin allo ne na mai wasan gem, bai gyara maka launi ko ɗaya ba.

Na taɓa tace wa wata baiwar Allah bidiyon tallar kayanta a irin wannan allo. Komai ya yi min fari-fari kamar an wanke, sai na yi ta ƙara launi har ya gamshe ni. Ta buɗe a wayarta ta kira ni: "Malam, me ya sami fuskata?" Fuska ta koma ruwan lemo, jan yadin da take tallatawa ya zama kamar garwashi. Na kwana ina gyara, kuma ba ta sake kawo min aiki ba. Tun daga ranar, in ban ga IPS (wani nau'in allo) da 100% sRGB a rubuce ba, sai na gwada da idona. Ina da hoton fuska guda a filas, in buɗe shi a allon, in kara wayata kusa in gwama. In kuɗinka bai kai ba, sayi mai raunin allon, amma kada ka taɓa launi sai ka haɗa ta da monita mai kyau.

Sauran a gurguje. Wajen ma'ajiyar fayil, kada ka yarda da HDD mai nawa, SSD mai sauri kawai. 256GB ta yi kaɗan: iPhone na cin kusan 400MB a minti ɗaya na 4K mai firam 60, wato awa guda 24GB. Fara da 512GB, ka ajiye ɗanyen bidiyo a SSD ta waje. Katin girafik kuwa ya danganta da manhajarka. Manhajar DaVinci Resolve a kansa take dogara, sai ka nemi ko RTX 3050 ce. Mai yanka 1080p a CapCut, girafik ɗin cikin furosesa ya ishe shi, ya sa kuɗin a RAM.

Wasu kuma laftof ɗin lafiyarta ƙalau, su ne ke kashe ta. A ɗora ta kan katifa, ramukan iska su toshe, ta yi zafi ta rage gudu da kanta, a ce ta lalace. A yi editin ba caja, alhali yawancin masu Windows suna rage ƙarfi a kan batir. A loda 4K kai tsaye ba a yi furoksi ba, wato ƙaramin kwafin da ake yanka da shi, manhaja ta koma kan na asali lokacin fitarwa. Ni ko a babbar kwamfuta sai na yi.

Kar ka manta kuma kullum za ka ɗauke ta. Ta gem da cajarta kafaɗa na jin su, batirinta kuma ba ya jimawa. In ta hannu za ka saya, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka gwama ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage. Sannan ka saka bidiyonka, ba na mai sayarwa ba, ka fitar da minti biyar hannunka na kan kibod, kunnenka na kan fanka.