Yadda mutumin Maraɗi zai hau tsaunin Mambila cikin taɓo da gansakuka

Wanda ya tashi a Maraɗi ya koyi tafiya ne a kan yashi, kuma yashi yana riƙe ƙafa ko da yana gajiyar da ita. Taɓon dajin tsauni ba haka yake ba: yana karɓar ƙafarka kamar zai riƙe, sai ya sake ta ba zato. Saboda haka babban aikin da ke gaban ɗan ƙasar yashi shi ne ya sake koyon taku, domin ƙarfin gaɓa kaɗai ba ya fitar da mutum daga wannan daji lafiya.

Daga cikin dazuzzukan tsauni da suka fi kusa da mu akwai na yankin Mambila a jihar Taraba ta Najeriya. Can ne dajin Ngel Nyaki yake, a tudun da ya kai kimanin mita 1,500, can kuma gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda aka kafa a 1991, inda dutsen Chappal Waddi ya kai mita 2,419, mafi tsayi a Najeriya. Maraɗi kuwa ba ta kai mita 400 ba. Iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, ga gajimare yana sauka cikin itatuwa yana jiƙa su dare da rana, shi ya sa gansakuka take lulluɓe rassa da duwatsu har ta koma kamar bargo.

Matakin farko shi ne zaɓen lokaci da neman jagora. Daga Disamba zuwa Maris hanya ta fi sauƙi, ko da yake ƙarƙashin itatuwa da bakin ƙoramu ba sa rabuwa da caɓi. Hanyar mota daga nan ta bi Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, sannan Jalingo, Bali da Serti, inda hedikwatar gandun Gashaka-Gumti take. Ka tanadi takardun tafiya da katin rigakafin cutar shawara, ka bincika halin tsaro da na kan iyaka kafin ka tashi, kuma kada ka shiga daji sai da izinin ma'aikatan gandu da jagora ɗan ƙasa. Da Hausa za ka iya magana da mutane da yawa a can, amma gaisuwar Fulatanci tana buɗe ƙofa.

Sai shirin jiki, wanda ya kamata a fara aƙalla wata ɗaya kafin tafiya. Tunda ba mu da tudu, ka riƙa hawa da sauka a matakalar bene ɗauke da jaka mai nauyin kilo 6 zuwa 8. In damina ce, ka je fadamar Gulbin Maraɗi ko wajen tafkin Madarunfa ka yi tafiya cikin laka da takalmin da za ka tafi da shi, domin a nan za ka gane inda yake cin ka tun kana kusa da gida.

A kan kaya nake son in daɗe. Takalmi ya zama mai rufe idon sawu, mai manyan haƙora a tafinsa. Takalmin roba mai dogon wuya irin na manoman shinkafa ma yana aiki in an haɗa shi da safa mai kauri. Amma abin da ya fi cutar da mutanenmu shi ne auduga. Mun saba da ita saboda tana sanyaya jiki a zafin bazara, to a tsauni wannan halin nata shi ne haɗarinta, domin tana shan gumi da raɓa ta ƙi bushewa. Na taɓa ganin abokin tafiya sanye da rigar yadi jiƙaƙƙiya, muka tsaya cin abinci na minti 20 kacal, sai ga shi yana kakkarwa, maganarsa tana sarƙewa. Sai da aka cire masa ita aka sa masa busasshiya, aka ba shi shayi mai zafi da sukari, sannan ya dawo hayyacinsa. Ka sa rigar ƴan ƙwallo a ciki, rigar sanyi ta ulu a kai, sannan rigar ruwa. Ka shimfiɗa babbar leda cikin jaka kafin ka zuba kaya, ka ware busassun tufafi da safa waɗanda ba za a taɓa ba sai an sauka. Guzuri kuwa namu na gida ya isa: aya, dabino, ƙuli-ƙuli da kilishi. Ruwan ƙorama, komai haskensa, a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa ta Aquatabs.

Idan an kama hanya, wadda ya kamata a fara bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, ka gajarta taku, ka ajiye tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa maimakon ka dogara da yatsu, ka bar nauyinka daidai bisa ƙafar da ke gaba. Saiwar itace jiƙaƙƙiya da dutse mai gansakuka sun fi sabulu santsi, don haka ka sa ƙafa a tsakanin saiwoyi, ba a kansu ba. Sanda mai tsayin ƙirji, irin ta makiyaya, ita ce za ta gaya maka zurfin taɓo kafin ka taka. Inda caɓi ya mamaye hanya, ka ratsa ta tsakiyarsa. Rai ba ya so, na sani, amma masu kewayawa ta gefe su ne suke tattake gansakuka da ƙananan tsirrai, su faɗaɗa hanya har ruwan sama ya mayar da ita kwazazzabo. Kada ka cafki reshe ko igiyar daji ba ka duba ba, saboda ƙaya da ruɓaɓɓen itace. In ka ga jerin kwarkwasa ya ratsa hanya, ka tsallake da sauri, ka yi nisa kafin ka tsaya kakkaɓe wando.

Wajen ƙetare ƙorama, ka kwance maɗaurin jaka na ƙugu, ka fuskanci inda ruwa yake fitowa, ka dogara da sanda kana matsawa gefe-gefe, kuma kada ka cire takalmi. Ruwan da ya wuce gwiwa yana gudu da ƙarfi ba a shiga; ana jira ne ya janye, ko a koma.

Tun da safe ku tsayar da sa'ar juyowa, ku bi ta ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, domin duhu yana shiga ƙarƙashin itatuwa tun kafin magariba, gangara kuma ta fi hawa haɗari. A nan ne ƙafa ta gaji, gwiwa tana rawa, hankali ya riga ya koma masauki. Ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka fara kafa sanda a ƙasa kafin ka sauke ƙafa, inda ya yi tsaye sosai ka juya gefe ko ka fuskanci tudun kamar mai saukowa daga tsani. Ka bar tazarar taku biyar tsakaninka da na gabanka, don kada zamewar mutum ɗaya ta kwashe biyu. In ka zame, ka zauna da baya maimakon ka miƙa hannu ka tare ƙasa, saboda a haka wuyan hannu yake karyewa. Da an isa masauki, ka wanke ƙafa, ka shanya ta, ka duba tsakanin yatsu da duga-dugai, ka cusa tsohuwar takarda cikin takalmi ta tsotse ruwa, ka ajiye shi nesa da wuta don kada robarsa ta ɓalle kafin safiya.